Ɗanyar Tabar da Kawu Ya Sha a Nasiriyya

Daga Allah muke, gare Shi kuma kowa zai koma, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Kawuna, wan mahaifiyata, ya koma a nan Riyad, aka binne shi a maƙabartar da ba a rubuta sunan kowa. Dutse a kai, dutse a ƙafa, shi ke nan. Wannan bai dame ni ba, al'adar ƙasar ce, manyansu ma haka ake binne su. Abin da ya hana ni sukuni shi ne abin da na ji da kunnena a zaman makoki, a tsakar gidansa, a kan tabarmin da shi ya saya.

Mutane kam sun zo. Direbobi, leburorin gini da siminti a gashin idonsu, masu shaguna daga unguwar Batha, ɗaliban jami'a da littattafai a hammata. Kowa ya shigo ya ce Allah ya jiƙansa, a amsa da amin, a miƙa masa gahawa da dabino. Amma da an gama addu'a sai muryoyi su yi ƙasa. Wani ya tambayi ciwon da ya kashe shi, na kusa da shi ya kai yatsu biyu baki, ya yi alamar zuƙa, ya girgiza kai. Wani dattijo, wanda Kawu ya taɓa wuni a ƙofar 'yan sanda har ya fito da shi, ya ce ai tsufa da taba abin kunya ne, Allah dai ya sa mu yi kyakkyawan ƙarshe. Wani matashi da bai daɗe da sauka ƙasar ba ya matso ya tambaye ni ko marigayin ne ake ce wa Baba mai sigari. Sunan da ya tarar ke nan a bakin mutane.

Bayan la'asar surukin Kawu, mijin babbar 'yarsa, wanda ke karatun shari'a a jami'a, ya miƙe ya yi nasiha. Bai ambaci suna ba. Ya dai yi magana a kan mutumin da ke ƙona lafiyarsa da hannunsa, ya jawo hujjoji da Larabci mai kyau, jama'a suna gyaɗa kai. An gaya mini cewa Iya, matar Kawu, da ta jiyo muryar daga ɗakin mata, sai ta share hawayenta ta ce a rufe ƙofa.

Likita ya ce huhu ne, ban musa ba. Kawu ya sha taba a ƙarshen rayuwarsa, wannan ma ban musa ba. Amma yawancin waɗanda suka zauna a kan tabarmin nan sun san yadda aka yi tabar ta koma bakinsa, domin ni na gaya musu a gaban jama'a. Sun ji, sun zaɓi su manta. To, ni ban manta ba, kuma ga shi zan faɗa yadda wanda bai san shi ba ma zai san shi.

Tela ne. Ya zo ƙasar nan tun kafin kuɗin mai su haukata ta, ta hanyar Sudan, da niyyar aikin hajji, sai zama ya kama shi. Shagonsa yana wani lungu bayan tashar motocin Batha: keken ɗinki biyu, benci ɗaya, da ɗaki a sama. Ya ƙware a doguwar rigar Larabawa har 'yan ƙasa suna tsallake telolinsu su kawo masa.

Kada mai karatu ya zaci waliyyi nake kwatantawa. Mafaɗaci ne na gaske. Kullum sai sun yi da ɗan Yaman mai shayin lungun a kan sukari, kuma kullum a wurinsa yake shan shayi. In mutum ya zo da yadi yana gaggawa sai ya ce masa, "Je ka wurin wanda zai ɗinka maka yau, gobe ka kawo mini in farke." Bakinsa bai iya ba da haƙuri ba. In ya ɓata maka ya gane shi ne da laifi, ba zai ce komai ba, sai bayan kwana biyu ka ga sabuwar riga a kan gadonka daidai jikinka, ba tare da ya taɓa gwada ka ba. Ni kaina ina da irin waɗannan riguna.

Duk Bahaushen da ya sauka Riyad ba shi da kowa, direbobin tasha sun san lungun da za su nuna masa. Ɗakin saman shagon bai taɓa zama babu baƙo ba. In mutum ya samu matsala da kafilinsa, wato ɗan ƙasar da takardun zamanka suke hannunsa, Kawu ne zai rufe shago ya ɗauko wata shuɗiyar babbar riga ta gida ya tafi roƙo. Yakan ce in baƙin mutum ya shiga gidan Balarabe da rigar Larabawa, bara ake ɗaukarsa, in ya shiga da tasa, baƙo ne. Shi ke raɗa wa 'ya'yanmu suna, shi ke zama waliyyin wanda ba shi da dangi, shi ke wanke mana gawa. Ran Juma'a kuwa bayan an sauko masallaci, gidansa ake cika, Iya ta tuƙa tuwo da miyar kukar da alhazai ke kawo mata.

Mu mutanen fadama ne a ƙasar Zamfara, kuma gidan kakana gidan taba ne. Da rani ake noma ta a bakin rafi, a tsinke ganye, a shanya a inuwa, sannan a jibge a lulluɓe da tabarma har ta yi gumi ta sake launi. Cikin wannan Kawu ya tashi. Tun bai yi gemu ba fatake ke kiransa ya shinshina musu kaya kafin su saya, kuma lofe ba ya barin bakinsa. A hajjinsa na farko, a filin Arfa, ya rantse ya bar ta, ya fi shekara ashirin bai waiwaye ta ba. Asuwaki ya maye gurbin lofe. In ya hangi mai shan sigari a hanya sai ya tsallaka titi. Na taɓa ce masa lalle ya tsani taba. Ya harare ni ya ce, "Wa ya gaya maka? Ni da taba ba faɗa muka yi ba. Sakinta na yi ina sonta, shi ya sa ba na bi ta ƙofar gidansu."

Shi ya samo mini aikin tuƙi a unguwar Nasiriyya, a gidan wani ɗan kwangila. Mutumin 'yan shekaru kaɗan baya tifa ɗaya gare shi, sai ga shi yana shimfiɗa tituna, Turawa suna jiransa a falo. Daga wurinsu ya koyi shan wata taba da suke kira sijar: kara ne mai kauri kamar babban yatsa, ganye zalla naɗe a kan ganye, babu takarda. Ba a sha a fili, sai a majalisarsa, ɗakin da yake karɓar baƙi, in an rufe ƙofa, domin a garin nan taba ba abin nunawa ba ce.

Wata rana wani abokin kasuwancinsa ya aiko masa da akwati guda daga ƙetare, aka ce daga hannun masu naɗawa ya fito kai tsaye. Ni aka aika filin jirgi na ɗauko. Akwatin ya wuni a mota tare da ni, don na kai matan gidan kasuwa na kuma ɗauko yara daga makaranta. Washegari maigidan ya tara baƙin da yake son burgewa, ya buɗe akwati, kowa ya kunna. Tabar ta kartar musu maƙogwaro. Babban baƙon ya yi tari har hawaye, ya kashe tasa ya ce wari take yi. Maigidan ya ji kunya, kuma kunyar mai kuɗi sai ta nemi kan da za ta sauka.

A kaina ta sauka. Ya kira ni ya ce na buɗe akwatin a hanya, na sayar da ta gaske, na cika shi da jabu daga Batha, tun da dangina duk a Batha suke. Na rantse, bai saurara ba. Ya ce ya ba ni zuwa la'asar ɗin gobe in dawo da kayansa, in ba haka ba 'yan sanda za su tambaye ni. Duk wanda ya zauna a Riyad ya san abin da kalmar sata take nufi a nan, inda ake yanke wa ɓarawo hannu, ya kuma san wanda za a gaskata tsakanin ɗan ƙasa mai kwangila da baƙin direba. Fasfona yana hannunsa. Matata tana da ciki a gida Najeriya tana jiran in samo mata takardar zuwa.

Na tafi shagon Kawu. Ya saurare ni yana ɗinki, bai ɗago ba. Da na gama sai ya fara da faɗa, ya ce wane irin sakarai ne zai bar kayan maigida su wuni a mota. Sannan ya ce wa yaron shago ya je gida ya karɓo masa shuɗiyar rigar.

Mun tarar da maigidan a majalisa da baƙi, ciki har da waɗanda suka sha tabar. Kawu ya yi sallama, ya yi gaisuwa mai tsawo irin tasu, ya fara roƙo yadda ya saba: ya san ni tun ina ciki, shi ya kawo ni, in na yi sata shi ya yi. Maigidan ya bar shi a tsaye har ya gama, sannan ya ce rantsuwar Takaruni a kan ɗan'uwansa ba shaida ba ce. Takaruni shi ne sunan da suke kiranmu in suna so mu tuna matsayinmu.

Kawu ya haɗiye wannan, ya roƙi a nuna masa akwatin. Ya ɗauki kara ɗaya ya murza a hankali kusa da kunnensa, ya kai hanci. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ce wannan ba jabu ba ce, jabun Batha a bushe take tana marmashewa, wannan kuwa ganye ne cikakke mai maiƙo, bai taɓa riƙe irinsa ba. Laifinta ɗaya, ɗanya ce. An naɗe ta ba ta gama gumi ba, shi ne warin da suka ji. A rufe ta a akwatinta da ɗan danshi, a ƙyale ta shekara, za ta zama abin da aka yi alkawari.

Maigidan ya yi dariya ya ce tela ne zai gaya masa taba da hanci? In ya san ta, ya sha ya faɗa. Kawu ya ce yana da rantsuwa, a Arfa ya yi ta. Duk wanda ke ɗakin nan Musulmi ne, duk sun ji abin da ya faɗa, kuma babu wanda ya ce a ƙyale tsoho. Maigidan ya ce:

"Shaidan da bai ɗanɗana ba, ba shaida ba ne, ya Hajji. Ko ka sha, ko ka tafi ka bar mini ɓarawona."

Kawu ya dube ni, ba da daɗewa ba. Ya cire asuwakin daga bakinsa ya sa a aljihu. Ya zauna a ƙasa a bakin darduma, tun da ba a ba shi wuri ba. Aka yanke masa kan karan, aka miƙa masa ashana. Ya kunna ta kamar jiya ya bari, yana juya ta a hankali har wutar ta kama daidai. Ya zuƙa, ya riƙe hayaƙin a baki, ya saki kaɗan ta hanci.

Ya faɗa musu abin da ya ji ɗaya bayan ɗaya. Da farko yaji ne yake dukan harshe kamar barkono. Bayansa akwai wani wari mai hawa hanci kamar na turken awaki da safe, wannan shi ne ɗanyantakar, shi ne kuma zai fara tafiya in ta kwanta. Akwai ɗaci a maƙogwaro irin na goron da bai nuna ba. Amma can ƙarƙashi, in mutum ya yi haƙuri, akwai zaƙi kamar na busasshen dabino, da ƙanshin ƙasa in ruwan fari ya sauka. Ya ce jabu ba ta da ƙarƙashi, abin da ka ji da farko shi ne duka. Ya nuna musu tokar yadda ta tsaya fara ba ta zube ba. Sannan ya nemi inda zai kashe ta.

Maigidan ya ce a'a, ba a kashe irin wannan taba a rabi, ya ƙarasa.

Ba don shaida ba ne, shaida ta riga ta ƙare. Abin ya zama musu wasa ne. Tsoho baƙi cikin babbar riga yana zaune a ƙasa yana shan tabar da su suka kasa sha. Suka gyara zama, aka sake zuba gahawa, wani yana zuga shi da yalla, ya Hajji. Ɗanyar taba ce mai ƙarfi, a cikin mutumin da ya yi shekaru bai sha ba, kuma bai ci komai ba tun safe. Na ga gumi yana tsattsafo masa a goshi, leɓensa ya yi fari. Na yunƙura zan yi magana, ya ɗaga mini yatsa ɗaya ba tare da ya dube ni ba. Ya sha har wuta ta kusa yatsunsa. Ya miƙe, ya yi musu sallama cikakkiya, ya fita da ƙafarsa. Sai da muka kai gindin wata bishiyar dabino a harabar gidan ya durƙusa ya yi ta amai, ina riƙe masa hannun riga.

Maigidan ya aiko a ce mini in zo aiki gobe. Ba wai ya yarda ba ne. Cewa ya yi za a rufe akwatin shekara guda, in maganar tsohon ta zama ƙarya, 'yan sanda ba su ƙaura ba.

A mota Kawu ya jingina kai da gilashi har muka kusa Batha. Na fara ba shi haƙuri a kan wahalar da ya sha. Ya ce, "Ba ɗacin ne ya dame ni ba, ɗan nan. Daɗin ne."

Ya yi kaffarar rantsuwarsa a makon nan. Ya koma asuwaki, yana tauna shi har ya ragargaje. Amma faɗansa ya ƙaru, barci ya ƙaurace masa, ɗinki ya fara karkacewa a hannunsa. Ba a yi wata biyu ba Iya ta ji warin a rigarsa. Ba sijar ba, ina zai same ta. Sigari ne mai arha na leburori, yana laɓewa bayan shago yana sha kamar yaro. Ya bari, ya koma. Ya bari da azumi, ya koma bayan salla. Na sha ganinsa ya murƙushe kwali guda ya jefa kwata, kafin azahar ya aika a sayo wani. Wanda bai ga wannan kokawa ba, ba shi da bakin cewa Kawu bai ji kunyar Allah ba.

Magana ta bazu, Riyad ɗin Hausawa ƙaramar unguwa ce. Aka fara yi masa kallon gefen ido. Amma abin bai fashe ba sai ranar sunan jikansa, ɗan fari na babbar 'yarsa, a sabon gidan surukinsa da ke unguwar Nasim. Da safe an taru, an raba goro da dabino, Kawu ya gyara murya zai raɗa suna kamar yadda ya yi wa 'ya'yan kusan duk wanda ke wurin. Sai surukin ya ce wani abokin karatunsa ne zai yi. Kawu ya tambayi dalili. Surukin ya fara amsawa da Larabci, Kawu ya ce ya faɗa da Hausa kowa ya ji. Shi kuwa ya faɗa:

"Baba, ka yi haƙuri. Bakin da ke warin taba ba zai fara kiran sunan ɗana ba."

Ni ne na miƙe. Na ba da labarin Nasiriyya tun daga filin jirgi har gindin dabino, ban rage komai ba. Na ce in da Kawu bai sha tabar nan ba, da yanzu Allah kaɗai ya san inda nake. Surukin ya saurara har na gama, sannan ya ce lalura ta halatta kara ɗaya, to, sauran fa? Wasu suka ce gaskiya ne.

Ni ba malami ba ne, ban ce hujjarsa ba ta tsaya ba. Amma yana da mako guda tun haihuwa da zai iya zuwa shago ya faɗa masa su biyu. Ya zaɓi ya jira sai tsohon ya buɗe baki a gaban mutane. Mutumin da ya ba shi 'ya, ya ba shi ɗakin saman shago lokacin da ya sauka da jaka ɗaya. Kuma cikin duk waɗanda Kawu ya raɗa wa 'ya'yansu suna, babu ko ɗaya da ya tsaya masa.

Na zaci Kawu zai tayar da gidan, don na san bakinsa. Ya dai dubi surukin ya ce, "Malam ya yi gaskiya. Sai dai gaskiyar da aka ajiye sai taro ya cika, ba don Allah kaɗai aka ajiye ta ba." Ya zauna har aka raɗa suna, ya shafa addu'a tare da kowa, ya sa takalmi ya tafi. Bayan kwana biyu ya aika wa surukin sabuwar farar riga, ɗinkin da ya fi kowane kyau a shekarar, alhali ba shi ne da laifi ba. 'Yarsa ta gaya wa Iya cewa sai da aka wanke ta sau da yawa kafin mijin ya yarda ya sa. Rigar ce a jikinsa ranar da ya yi nasiha a makoki.

Daga ranar sunan aka daina kiran Kawu. Ba wanda ya yi shela, kawai dai suna ya wuce, aure ya wuce, sai ya ji labari. Taron Juma'a ya ragu har Iya ta koma ƙaramar tukunya. Masu matsala da kafili kuwa ba su daina zuwa ba, sai dai su biyo ta bayan shago, shi kuma bai daina ɗauko shuɗiyar riga ba. Wanda ya fi yi masa ciwo shi ne wani magini ɗan ƙasarmu da ya faɗo daga bene ya rasu. Kawu ne ya karɓe shi ranar da ya sauka garin. Aka wanke shi, aka binne shi, ba a aiko ba. Da ya ji, sai ya rufe keken ɗinki da zane ya hau ɗakin sama, bai sauko ba sai da aka kira magariba.

Da shekara ta zagayo maigidana ya buɗe akwatin. Tabar ta yi laushi, warin ya tafi, baƙinsa suka yi ta yabo. Bai kira ni ya ce ya zalunce ni ba. Ina wanke mota ya fito ya miƙo mini kara ɗaya, ya ce in kai wa tsohon nan namu. Na kai. Kawu ya riƙe ta ya daɗe yana shinshinawa, idonsa a rufe, ya ce yanzu ta zama taba. Sannan ya mayar mini ya ce in gaya wa mai ita shaida ba ya cin tukuici. Na mayar, na faɗa masa kamar yadda aka aiko ni. Ya ɗaga kafaɗa ya kunna abarsa.

Tarin ya fara ne da sanyin bana. Kafin zafi ya shigo an kwantar da shi a asibiti, ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Faɗan dai yana nan, ya yi da masu jinya a kan yadda suke ninke zanen gado. Ranar da na gan shi na ƙarshe na gaya masa zan bar aikin Nasiriyya, ba zan iya ci gaba da buɗe wa mutumin nan ƙofar mota ba. Ya yi tari mai tsawo, da ya samu numfashi ya ce in na bar aikin nan bai yafe mini ba, matata da ɗana sun iso, iƙamarsu, wato takardar zamansu, a kan aikin take, shi ba don in zauna banza ya yi amai a gindin dabino ba.

Na ce to, amma mutane fa, abin da suke faɗa a kansa. Ya ce in bar mutane, shi ya san abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, ya karya alkawari kuma yana roƙon gafara, bai ɗora wa kowa ba. Sai ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi ba, ya ce:

"In ka je gida ka gaya wa uwarka ɗanta yana nan da hannuwansa biyu. Sauran ba ruwanta."

Aikin ban bari ba, Kawu, ina nan ina buɗe ƙofar mota. Saƙonka kuma zan kai. Amma sauran da ka ce ba ruwanta, a nan kam ba zan bi maganarka ba: zan zaunar da ita in gaya mata duka, ta san irin wan da Allah ya ba ta. Allah ya yafe maka abin da ka kasa, ya karɓi abin da ka yi, ya sa ka tarar da masaukin da ya fi wanda ka ba baƙi.